Daga Kingston zuwa Kwanar Dangora: Kiɗan Wa Ake Sakawa?

Da kaka ta yi a kudancin Kano, an kwashe masara a Doguwa, injinan casar shinkafa na Tudun Wada sun kama aiki, sai bukukuwan aure su ɓarke. Duk wanda ya tsaya a Kwanar Dangora a irin wannan lokaci, daidai inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, ba zai jima ba zai ga an wuce da manyan akwatunan lasifika ɗaure da roba a bayan akori-kura, janareta a gefe, ga wani saurayi rungume da amfilifaya kamar jariri. DJ ke nan. Kafin la'asar sakaliya ya kafa kayansa a wani fili a ƙauyukan Kiru ko Bebeji, yara sun yi masa zobe.

Wannan sana'a ta tara lasifika a fili don jama'a su taka rawa tana da tarihi, kuma babban reshensa ya tsiro ne a Kingston, babban birnin Jamaika, a ƙarshen shekarun 1940. Talakan birnin ba shi da kuɗin shiga otal ɗin da makaɗa ke wasa, rediyo kuma ba kowa ke da ita ba. Sai masu shaguna suka fara fito da garmaho da lasifika bakin titi don jan ciniki. Wani mai suna Hedley Jones, wanda ya koyi aikin na'urori a rundunar sojan saman Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga ƙera amfilifaya mai raba sauti kashi-kashi, ƙugi daban, zaƙi daban. Tom Wong, da ake yi wa laƙabi da Tom the Great Sebastian, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan ƙira.

A shekarun 1950 mutum biyu suka riƙe fagen. Duke Reid tsohon ɗan sanda ne mai shagon giya, ba ya rabuwa da bindiga a ƙugu. Clement Dodd, wanda aka fi sani da Coxsone, yakan tafi ci-rani gonakin Amurka ya dawo da fayafayen kiɗan baƙar fatar can. A lokacin ba wanda ke yin waƙarsa ta kansa. Fasahar mai kayan sauti ita ce ya samo faifan da abokin gabarsa bai da shi, sannan ya kankare takardar da ke manne a tsakiyarsa don kada ɗan leƙen asiri ya karanta sunan. Coxsone ya yi shekaru yana tashe da wani kiɗa na Willis Jackson mai suna "Later for the Gator", ya sake masa suna "Coxsone Hop", har ranar da Duke Reid ya gano asalinsa a Amurka ya saka shi a gaban jama'a. A Kingston an ɗauki wannan a matsayin kayarwa a dambe.

Da rijiyar Amurka ta fara ƙafewa, domin salon kiɗan can ya sauya, dole ta sa suka koma ɗaukar mawaƙan gida. Coxsone ya buɗe Studio One a titin Brentford a 1963, shekara guda bayan Jamaika ta sami 'yanci. Daga ɗaukar mawaƙan gida aka haifi ska, aka zo rokstedi, aka kai ga rege. Ashe gasar ɓoye faifai ce ta haifar wa ƙaramar ƙasa kiɗanta na kanta.

Sai kuma wani kuskure ya buɗe wata ƙofar. A ƙarshen shekarun 1960, ana yanka wa Ruddy Redwood na garin Spanish Town faifan musamman na waƙar "On the Beach" ta ƙungiyar Paragons a situdiyon Duke Reid, mai aikin ya manta bai ɗora muryar mawaƙa ba. Ruddy ya tafi da gangar kiɗan zalla ya saka a wajen rawa, jama'a suka karɓe waƙar da bakinsu. Ba da jimawa ba ya zama al'ada a saki faifai da waƙa a gaba, kiɗa tsirara a baya. King Tubby, mai gyaran rediyo a unguwar Waterhouse, ya mayar da wannan bayan faifai fagen gwaninta: ya ɗauke ganga ya maido, ya bar jita mai ƙugi ita kaɗai, ya sa murya ta riƙa amsa-kuwwa kamar a cikin kogo. A kan irin wannan kiɗa U-Roy ya riƙa magana da kirari da abin magana a hannu, har a 1970 fayafayensa uku suka mamaye saman jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Jamaika.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Abin da U-Roy ke yi shi ne aikin maroƙi da sanƙira: makaɗi na kiɗa, shi kuma yana cusa magana a tsakanin bugu, yana zuga, yana kiran suna. Faifan musamman da mai kayan sauti ke biya a yi masa, wanda mawaƙi ke ambaton sunansa a ciki, ɗan'uwa ne ga waƙar da Alhaji Mamman Shata ke yi wa mutum guda. Kalangu ɗaya ne, 'yan amshi su ne dai, amma "Ummaru Ɗan Ɗanduna" ta Ummaru ce har abada.

Waƙoƙin da masoya rege ke kira na tushe, waɗanda har gobe ake sakawa in dare ya raba, akasarinsu na shekarun 1970 ne, bayan ziyarar Sarkin Habasha Haile Selassie a Jamaika ranar 21 ga Afrilu, 1966 ta ƙara wa 'yan Rasta ƙarfi. Akwai "Marcus Garvey" ta Burning Spear a 1975, da "Police and Thieves" ta Junior Murvin a 1976, da "Two Sevens Clash" ta Culture a 1977. Amma a kunnen mai wannan rubutu, babu kamar "Satta Massagana" ta Abyssinians. An ɗauke ta a Studio One a 1969, Coxsone bai ga ribar fitar da ita ba ya ajiye, sai da mawaƙan suka tara kuɗi suka fanshi tef ɗin suka sake ta da kansu a 1971. Sunanta daga harshen Amhara na Habasha ne, tafiyarta kuma a natse take kamar addu'a, muryoyi uku suna bin juna a kan busa mai ratsa zuciya. Mawaƙa barkatai sun hau gangarta tun daga lokacin, kuma a Jamaika ba a kiran wannan sata. Abin da ake tambaya shi ne: me ka zo da shi a kai?

Rege ya iso Arewa ne a cikin kaset. Jimmy Cliff ya zo Nijeriya a 1974, sannan Bob Marley da Peter Tosh suka cika shagunan kaset na Sabon Garin Kano da na Zariya, daga baya Lucky Dube da Alpha Blondy suka biyo. Na gida ma sun yi rawar gani: "Send Down the Rain" ta Majek Fashek ta game ƙasa a 1988, Ras Kimono na biye. Ɗaliban makarantun kwana da direbobin dogon zango sun taimaka wajen yaɗa shi. Sai dai a motar da ke ratsa dajin Falgore zuwa Saminaka, kaset ɗin Lucky Dube ya tarar da masu gida: Shata, da Ɗan Maraya Jos wanda ya yi wa karen mota waƙa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Rege ya sami masoya, amma bai taɓa zama kiɗan biki a ƙauyukan nan ba.

Abin da ya ƙwace filin biki daga hannun masu kalangu shi ne fiyano, kuma nan ma labarin ya yi kama da na Jamaika. A ƙarshen 1984 Wayne Smith da Noel Davey sun tsinci wani kiɗa da kamfani ya riga ya shirya a cikin ƙaramar fiyano ta Casio, mai kayan sauti King Jammy ya gyara shi ya zama "Under Mi Sleng Teng", ya kayar da abokin gabarsa Black Scorpio da shi a wata gasa ta 1985 a titin Waltham Park. Ɗaruruwan waƙoƙi aka ɗora a kansa. A Kano, bayan "Turmin Danya" ya buɗe harkar finafinan bidiyo a 1990, situdiyoyi irin na Iyan-Tama suka kawo fiyano ta Yamaha, matasa suka riƙa lalubo sautin sarewa da ganga a cikinta. An sha zarginsu da kwafar karin waƙoƙin Indiya, kuma zargin ba ƙarya ba ne. Ai kafin su ma masu bandiri irin Ushaƙu Indiya sun ɗauki waɗannan karuruwa sun zuba musu begen Annabi. Amma da waƙar fim ɗin "Sangaya" ta fito a 1999, kowa ya ji cewa na'urar Japan ta fara Hausa.

Yau ba faifan da za a kankare. A rumfunan cajin waya na bakin kwana, 'yan dawunlodin suna tura wa kowa waƙoƙi iri ɗaya a memori, don haka "Jaruma" ta Hamisu Breaker da ta tashi a 2020 tana aljihun kowane DJ, tana kuma wayar ƙawayen amarya. Wannan ya sa aikin ya koma kan abin da ba a turawa: wane ne lasifikarsa ke ƙugi ba tare da gyatsa ba, wane ne ya san lokacin da zai yanke kiɗa ya bar 'yan mata su ƙarasa amshi, wane ne ya san gwaggon ango da sunanta da garin da ta taso. Waɗanda suka fi hali sukan je Kano a yi wa ango da amarya waƙa ta musamman a situdiyo, da sunayensu da na iyaye da aminai, a ba DJ ya riƙe har sai an fito da amarya fili.

Dattawa da 'yan Hisba na da ƙorafi kan cakuɗuwar maza da mata da kaiwa dare, masu kalangu kuma suna kukan an raba su da abincinsu, kuka mai tushe da bai kamata a toshe masa kunne ba. A wasu bukukuwan ana raba rana: makaɗa da safe wajen manyan mata, DJ da yamma wajen matasa. In magariba ta kawo jiki sai a kashe janareta, a naɗe wayoyi, a sake ɗaure akwatunan da roba, a nufi titi, domin gobe Asabar akwai wani ɗaurin auren a hanyar Tiga.