Tarihin Sanin Yadda Da'irar Razista da Kafasita Ke Amsa Bugun Lantarki

Da'irar razista da kafasita haɗi ce ta abubuwa biyu: razista, wadda ke rage gudun lantarki, da kafasita, wadda ke tara caji ta riƙe shi na ɗan lokaci. Idan aka aika mata bugu, wato lantarkin da ke tashi farat ɗaya ya sauka farat ɗaya, kafasitar ba ta cika nan take, sai sannu a hankali kamar randar da ake cikawa da siririn bututu. A cikin daƙiƙoƙin da suka yi daidai da ƙimar razista sau ƙimar kafasita takan kai kusan kashi 63 cikin 100, bayan ninki biyar na wannan lokaci kuwa ana ɗaukar ta cika.

An ƙera kafasita ta farko, kwalbar Leyden, tsakanin 1745 da 1746, kuma Georg Ohm ya wallafa dokarsa a 1827, amma jinkirin bai dami kowa ba sai da aka fara shimfiɗa wayar tangarahu a ƙarƙashin teku. A 1854 William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya nuna cewa wayar kanta razista ce kuma kafasita ce, saboda haka idan tsawonta ya ninka biyu jinkirin bugun yakan ninka huɗu, har bugu ya cakuɗe da na bayansa. Wildman Whitehouse, jami'in lantarki na kamfanin da ya haɗa Turai da Amurka da irin wannan waya a 1858, ya musanta wannan lissafi. Sai ga shi saƙon Sarauniya Victoria mai kalmomi 98 ya ci kusan awa 16 kafin ya isa, Whitehouse kuwa ya ɗura wa wayar kusan bolt 2,000, ta mutu kafin ta cika wata guda. Sabuwar wayar da aka shimfiɗa a 1866, mai kaurin tagulla, ita ce ta ɗore, kuma irin wannan waya ta iso Legas a 1886.

Daga bisani injiniyoyi suka mai da aibin amfani, suka riƙa auna lokaci da shi. Henri Abraham da Eugène Bloch na Faransa sun bayyana da'ira mai haifar da bugu da kanta a 1919, kamfanin Signetics kuma ya fitar da guntun 555 a 1972, wanda razista da kafasita ke tsai da tsawon bugunsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu gyaran rediyo da inbata kan duba kafasitar da kanta ya kumbura, domin idan ta bushe ƙimarta takan ragu, lokacin da'irar ya gajarta.