Ɗan Jarida da Masanin Zaman Jama'a: Darasi daga Batagarawa



Mutane biyu ne sukan shiga ƙauye da alƙalami da tambayoyi, wato ɗan jarida da masanin zaman jama'a. Na farko yana neman abin da ya faru jiya, na biyu kuwa yana neman abin da yake faruwa kowace shekara da dalilin faruwarsa.

Tun da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, wasiƙun masu karatu suka zama taga da hukuma take leƙen halin talakawa. Amma wasiƙa muryar mai iya rubutu ce. Manomin da bai yi boko ba fa, wa ya ji tasa?

Polly Hill, Baturiyar Ingila, ta yi aikin jarida a mujallar West Africa kafin ta koma bincike a Gana. A 1967 ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina. Ba ta tsaya ga bakin masu gari kaɗai ba. Ta bi gandu gandu tana ƙidaya gonaki, sa'an nan ta sa mutanen garin da kansu suka kasa magidanta kashi huɗu gwargwadon ƙarfinsu. Littafinta, Rural Hausa, wanda ya fito a 1972, ya rushe zaton da ake yi cewa manoman ƙauye duk ɗaya suke. Mai ƙarfi yakan ɓoye hatsi a rumbu sai ya yi tsada. Matalauci kuwa yakan tafi ƙwadago gonar wani da damina, tasa ta zauna ba noma, har wata rana ya sayar da ita.

Kunnen ɗan jarida ne ya jiyo kukan, amma ƙidaya ce ta nuna zurfinsa.

Saboda haka, ya ku ma'aikata, idan labari ya zo cewa an yi albarkar gero a Tambuwal, ko ambaliya ta ci fadamun Kebbe, ku tambaya: gidaje nawa aka zaga, kuma gidajen su wa? In ba a yi haka ba, taimakon da aka aika don mai ƙaramin ƙarfi sai ya ƙare a rumbun mai shanun noma. Gani ya kori ji.

Allah ya sa mu dace.