Tarihin Hanyar Gestalt ta Magance Damuwar Zuciya

Gestalt kalma ce ta Jamusanci mai nufin cikakkiyar sura, wato abu a dunƙulensa kafin a rarraba shi. Masana halayyar ɗan Adam uku, Wertheimer da Koffka da Köhler, su suka yayata ta tun daga 1912, inda suka nuna cewa ido yana zaɓen abu guda ne ya fito da shi fili, saura su koma bayan fage. Daga nan hanyar magani da ake kira Gestalt ta ari sunanta, ko da yake wasu almajiran waɗancan malamai, irin su Mary Henle, sun musa cewa akwai dangantakar kirki tsakanin biyun.

An haifi Fritz Perls a Berlin a 1893. Likita ne da ya koyi hanyar Freud. A 1926 ya yi aiki a Frankfurt ƙarƙashin Kurt Goldstein, mai kula da sojojin da suka ji rauni a ƙwaƙwalwa, kuma a can ya haɗu da Laura Posner, ɗalibar ilimin Gestalt, wadda ya aura a 1930. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sai suka gudu Holan, kasancewarsu Yahudawa, daga bisani suka zauna a Johannesburg ta Afirka ta Kudu.

A nan ne suka fara raba gari da Freud. Littafin Ego, Hunger and Aggression na 1942 ya kwatanta tunani da cin abinci: akwai wanda yake taunawa ya ɗauki mai amfani ya zubar da saura, akwai kuma mai haɗiye umarnin iyaye da na jama'a ɗungurungum, abin ya tsaya masa a ciki. Laura ce ta faro wannan tunani daga lura da yadda jarirai suke barin nono su koma tauna, ta kuma rubuta babi biyu na littafin, amma sunan mijinta kaɗai ke bisa bango.

Fritz ya koma New York a 1946, Laura ta biyo shi a 1947. A 1951 aka buga Gestalt Therapy, wanda marubuci Paul Goodman ya tsara ɓangaren ra'insa, Ralph Hefferline kuma ya shirya darussan gwaji. Cibiyar farko ta buɗe a 1952.

Ra'in bai da wuyar faɗi. Buƙata takan taso ta mamaye hankali, kamar yadda mai ƙishirwa ba ya ganin komai a kasuwa sai ruwa. In ya sha, ta kwanta, wata ta taso. Cuta tana zuwa ne idan buƙatar ta katse a tsakiya, kamar fushin da aka danne ko makokin da ba a yi ba, sai ta riƙa dawowa. Saboda haka mai magani ba ya tonon ƙuruciya don ya fassara wa majinyaci. Yakan tambaye shi abin da yake ji yanzu, ya nuna masa hannun da ya dunƙule ko muryar da ta sauka alhali yana cewa lafiya lau.

Sananniyar dabarar ita ce kujerar da babu kowa a kai, wadda aka aro daga wasan kwaikwayon magani na Jacob Moreno. Majinyaci zai ɗauka mahaifinsa marigayi, misali, yana zaune a kanta, ya faɗa masa abin da bai taɓa faɗa ba, sannan ya koma kujerar ya amsa da bakin uban.

Wannan dabara ce ta raba gidan biyu. Daga 1964 zuwa 1969 Fritz yana cibiyar Esalen a Kalifoniya, yana nuna aikin a gaban taro, cikin 'yan mintuna mutum ya fashe da kuka. Suna ya samu, amma da yawa daga masu kwaikwayonsa sun ɗauki tsawar suka bar ilimin, kuma mai rauni a zuciya yana iya fita daga irin wannan zama da miki a buɗe. Laura ta tsaya New York tana aiki a hankali, zama bayan zama, tana koyar da cewa sai an gina wa mutum abin dogaro kafin a tunkare shi. Fritz ya rasu a Chicago a 1970, Laura a Pforzheim, garin haihuwarta, a 1990. Horon da ake bayarwa yau ya fi karkata ga tafarkinta, kujerar kuma ta shiga binciken Leslie Greenberg a Kanada, wanda ya gwada amfaninta ga masu tsohon ɓacin rai da wani makusanci.