Farantin Kakata Mai Furanni

'Yar uwa, ranar da muka zo rabon kayan kakata a Yelwa, wani mai sayen tsoffin ƙarafa ya ɗaga farantinta mai jajayen furanni, ya jinjina nauyinsa, ya ce kuɗinsa bai kai na robar wanki ba. Saura ƙiris in sallama. Gwaggona ce ta fizge, ta ce, "Ke 'yar nan, juya bayansa ki gani."

Na juya, sai ga tambarin Hong Kong, ya ɗan dushe amma yana karantuwa.

A da, jeren amarya ƙorai ne da tasoshi. Daga baya kwanukan fenti suka shigo daga Cekoslobakiya da Hong Kong, kafin masana'antun Legas da Kano su kama yin su a shekarun 1960. Nan da nan langa da samira da fanteka suka hau bango, har ana auna gatan amarya da tsawon jerenta. Da fam da sule aka sayi na kakata, don naira sai 1973 ta zo.

A 1964 aka fara ginin madatsar Kainji, a 1968 ruwa ya taru ya cinye gungaye da ƙauyukan bakin kogi a ƙasar Yauri da Ngaski, aka tashi mutane sama da 40,000. Kakata tana cikinsu. Gwaggo ta ce tukwanen ƙasa da randa duk an baro su, amma farantin nan a zane aka naɗe shi, kakata ta rungume shi a cikin kwalekwale. Wannan ɗan ɓantaren da ke gefensa, ranar ya samu.

To, in kin ci karo da irinsa a ɗakin tsohuwa, kada ki yi gaggawa. Ko Turawa masu yi wa tsohon zanen furanni kuɗi, sai sun duba bayansa, sun tambayi hannun da ya fito. Ki nemi tambari. Ki ɗaga ki ji nauyi, don na da ya fi kauri. Abin da muke kira fenti gilashi ne aka narka a kan ƙarfe, shi ya sa furen ba ya koɗewa, amma in ya faɗi sai ya ɓantare, baƙin ƙarfe ya fito, tsatsa ta kama. Ki shanya shi sarai bayan wanki, kuma kada ki goge shi da soson ƙarfe.

Sannan ki tambayi tsofaffi: wa ya saya, a wace kasuwa, a bikin wa? Ki rubuta tun suna raye. Ni ban tambayi kakata ba, wallahi har yau abin yana cina. Ƙauyensu yana ƙarƙashin ruwa, farantin nan kaɗai ya rage mana daga ɗakin aurenta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.