Sarauniyar Lugu a baki, a littafi da a silima

Gabatarwa

Idan aka mai da littafi fim, abin da masu kallo suka saba tambaya shi ne ko fim ɗin ya riƙe amanar littafin. A ƙasa irin tamu, inda labari yakan daɗe a bakin mutane kafin ya hau takarda, wannan tambaya ba ta isa ba. Wajibi ne mu ƙara da wata: shi littafin amanar wa ya riƙe, kuma da wane harshe? Labarin Sarauniyar Lugu zai ba mu damar duba wannan al'amari.

1. Asalin labarin

A watan Janairu na 1899 ayarin sojan Faransa, a ƙarƙashin kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine, ya tashi daga Sansane Hausa a bakin kogin Kwara, ya nufi tafkin Cadi yana ƙone garuruwa. Ranar 16 ga Afrilu ya auka wa Lugu, garin Azna a ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu take. Mutanenta suka tare shi da kwari da baka. Da wuta ta yi yawa suka janye cikin kurmi. Ayarin ya wuce, ya ragargaza Birnin Ƙonni a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb a Dankori, bayan ƴan kwanaki kuma sojojin ayarin suka kashe kyaftin ɗin nan biyu.

A takardun Turawa ambaton Sarauniya kaɗan ne. Joalland, hafsa a cikin ayarin, ya kwatanta ta da tsohuwar matsafiya a littafinsa na 1930. A Lugu kuwa kalmar sarauniya sarauta ce wadda mata suke gadonta, mai riƙe da ita tana keɓe a ɗakinta, aikinta tsare al'adar Azna da neman lafiyar ƙasa. Ƙarfinta na asiri ne.

2. Littafin Abdullahi Mamani

A 1980 Abdullahi Mamani, tsohon ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira, ya fitar da littafinsa Sarraounia a Paris, da Faransanci. A nan aka yi juyin farko, kuma shi ne mafi girma. Mai tsaron gargajiya ta zama jaruma matashiya wadda ta koyi harbi da dabarun yaƙi tun tana yarinya, tana jan mayaƙa da kanta. Marubucin yana neman gwarzuwar da zai kafa a gaban tarihin da Turawa suka rubuta, ya kuwa same ta.

Masanin harshe zai lura da wani abu ƙarami mai nauyi. Da aka rubuta kalmar da ƙa'idar Faransanci, aka ninka harafin r, aka sa ou a wurin u, sai mai karatu na waje ya ɗauke ta sunan yanka. Sunan sarauta ya koma sunan mutum guda, jerin matan da suka riƙe wannan matsayi kafin Mangu da bayanta ya ɓace a idon mai karatu.

3. Fim ɗin Med Hondo

Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya yi fim ɗin a 1986, tare da hannun Mamani wajen tsara labarin. An so ɗaukarsa a Nijar, abin bai yiwu ba, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓi aikin. Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya. A 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin silima na FESPACO a Wagadugu.

In an auna shi da littafin, fim ɗin ya riƙe amana ƙwarai. Ya bi tsarinsa na raba labari gida biyu, sansanin Turawa da garin Sarauniya, ya nuna yadda zalunci ya ci ayarin daga ciki har ya wargaje. Amma sauya wurin ɗauka ya jawo sauya harshe: ƴan wasan sun yi magana da Jula da Fulatanci da Faransanci. Sarauniyar da ta yi umarni da Hausar Arewa ta fito a majigi da bakin da jikokinta ba sa ji. Kirari da take da salon maganar fada, waɗanda su ne jijiyar irin wannan labari a wurinmu, ba su da hanyar shiga.

Kwatanci zai ƙara haske. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, an mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. A duk matakan nan uku labarin bai bar Hausa ba, don haka mai kallo yana iya ɗora fim a kan littafi ya yi hukunci da kunnensa. Bahaushen Dogon Dutsi wanda bai yi lakwal ba ba shi da wannan dama game da Sarauniyarsa.

Kammalawa

Ba mu ga laifin Mamani ko Hondo ba: da ba don su ba, da sunan Lugu bai kai inda ya kai ba. Haɗarin shi ne siffar littafi da fim ta komo gida ta danne ta baka, har yaro a Arewa ya san jarumar silima ya manta da sarautar da ke kusa da shi. Aikin da ya rataya a wuyan masu bincike da ma'aikatan yaƙi da jahilci iri biyu ne. Na farko, a naɗi ruwayoyin tsofaffin Lugu da Bagaji, a rubuta su da karin harshensu ba tare da an goge shi ba, a buga su ƙananan littattafai don azuzuwan manya. Na biyu, a sa wa fim ɗin murya da Hausa, a riƙa nuna shi tare da karanta waɗannan ruwayoyi. Sa'an nan ne masu labarin za su iya faɗin ko an riƙe musu amana.