Gishiri Tan Huɗu Da Fatun Roosevelt

A watan Afrilun 1909 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sauka Mombasa domin farauta da sunan cibiyar Smithsonian, bai kammala ba sai Maris 1910 a Khartum. Dabbobin da ayarinsa ya tara sun haura 11,000, daga ɓera har giwa.

To, ta yaya aka kai su Washington alhali kuɗin jirgin ruwa da nauyin kaya ake lissafa shi? Ba gawar ake aikawa ba. Nan take ake feɗe dabba, a ci naman a sansani, a ware ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Fatar giwa ko karkanda kuwa sai an kankare ta da wuƙa ta yi siriri, nauyinta ya ragu, gishiri kuma ya ratsa ta kafin ta ruɓe. Edmund Heller ne ya jagoranci wannan aiki. Can Amurka ake ƙera siffar jikin a lulluɓa mata fatar.

Gishirin nan ne ya fi ɗaukar hankalina: tan huɗu suka tanada. A ƙa'idar lokacin, ɗan dako fam 60 yake ɗauka, ke nan gishiri kaɗai ya kai kayan mutum sama da 100. Arahar da aka samu a teku, wuyan 'yan dakon Afirka ne ya biya ta a tudu, ga shi sunan Roosevelt kawai ake tunawa.