Ciyawar da Ta Zama Tarko a Gonakin Kenya

A shekarun 1990 tsutsar da ke huda karan masara ta addabi manoman yammacin Kenya, ga maganin feshi da ɗan karen tsada. Masanin ƙwari Zeyaur Khan na cibiyar binciken ƙwari ta icipe da abokan aikinsa na cibiyar Rothamsted a Ingila suka ɓullo da dabara: a kewaye gona da ciyawar Napier. Uwar tsutsar ta fi son zuba ƙwai a ciyawar, amma da an ƙyanƙyashe sai danƙon ciyawar ya hallaka yawancin 'ya'yan.

Tsakanin kunyoyi kuma aka shuka tsiron desmodium, wanda warinsa ke korar ƙwarin. Ba zato, sai ga shi yana danne wuta-wuta, tsohuwar abokiyar gabar dawa a ƙasar Hausa.

Ciyawar Napier kuwa shanun madara ke cinye ta.